Bugun da Nake Ji a Muryar Auta

Litinin, ƙarfe goma na safe

Na zama kaka! Bari in sake rubutawa da kyau, don ta farkon ta karkace: na zama kaka. Mace ce. Auta ta sauka da asuba, ita lafiya, sai gajiya. Shekara tara muna jiran wannan rana, ni da uwar yara, tun da aka kai Auta gidan miji, ga yayyenta maza biyu har yau ba wanda ya ajiye iyali.

Wannan littafin ragowa ne daga ajin yamma, inda na koyi karatu da rubutu ina da shekara hamsin da biyu. Na ɓoye shi don babbar rana. Yau ce.

Abu ɗaya ne kawai: mutuniyar, wato jaririyar, ta yi gaggawa. Saura wata biyu lissafinta ya cika. An sa ta a kwalba, a wani ɗaki da ba kowa ke shiga ba. Surukina, mijin Auta, ya ce ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba. Na ce masa ai ni ma ba da ƙiba na zo duniya ba, ga ni nan har yau.

Litinin, bayan la'asar

An koro ni. Na sa sabuwar rigata, na je har bakin ɗakin, sai tarin nan ya tona mini asiri. Wata nas mai tabarau ta tare ƙofa ta ce, "Baba, da wannan tarin? Ko leƙe ba za ka yi ba."

Na ce, "'Yata, ba ciwo ba ne, hayaƙin inji ne."

Ta ce, "Ko hayaƙin turare ne. Je ka warke, ka dawo."

Uwar yara za ta zauna can da Auta. An shirya Auta za ta riƙa kirana sau biyu, safe da magariba. Na biya wurin mai kemis, ya ba ni wasu ƙananan ƙwayoyi, ɗaya da rana, ɗaya da yamma. Ya ce suna buɗe ƙirji. Zan sha su kamar alewa, in dai za su buɗe mini ƙofar nan.

Laraba, ƙarfe tara na safe

Auta ta kira ina shago, mun gama cin burodi da ƙwai ni da Mai walda, maƙwabcina. Muryarta ras. Ta ce mutuniyar ta miƙe ƙafa, ƙafar ba ta fi babban yatsana ba. Ana ba ta nonon uwarta ta wata siririyar roba.

Ni fa ba a ruɗin kunnena. Shekara talatin da takwas ina gyaran janareto da injin ban ruwa. In ɗora bakin sukundireba a jikin inji, in manna ƙotar a ƙashin bayan kunnena, in gaya maka abin da ke damunsa ban kwance noti ko ɗaya ba. Mutum ma haka nake jin sa. Muryar Auta yau lafiyayyen inji ce.

Mai walda ya ce, "To Likitan inji, yanzu tsufanka ya samu shaida. Sai ka daina rina gemu." Ƙarya yake yi, ban taɓa rinawa ba.

Laraba, bayan magariba

A gida sabis ba ya zama sai a saman bene, kusa da tankin ruwa. Matakala ashirin da biyu. Waya na fara ƙara na haura da sauri kafin ta katse.

"Baba, da sauƙi."

Maganar safe ce, amma ba muryar safe ba ce. Akwai wani abu a ƙarƙashinta, kamar bugu. Wataƙila gajiya ce.

Shayi kawai na sha a wurin mai shayi. Ban san inda uwar yara ke ajiye ashana ba, na birkice kicin ban gan ta ba, daga nan girkin ya fita raina.

Alhamis, ƙarfe tara na safe

Lafiya lau, har da dariya. Ta ƙaru da giram ashirin. Ban san giram ashirin abin murna ba ne sai yau. Na sa Mai walda ya auna mini a sikelinsa, ashe nauyin noti biyu ne ƙanana. Na sa su a aljihu.

Jiya ni ne da neman magana.

Alhamis, bayan magariba

Ya dawo. Bugun nan.

Juma'a, bayan magariba

Na gano yadda abin yake. Da safe suna da ƙarfin ɓoye mini, da yamma ƙarfin ya ƙare. Ko kuma likita da rana yake zagayawa, ya gaya musu abin da ya gaya musu. Na ce a ba ni uwar yara. Ita ma haka: "Malam, da sauƙi, ka ci abinci?" Sauri take yi ta rabu da ni. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, ni za ta yi wa wannan?

Dubi rubutuna. Hannuna rawa yake yi tun la'asar. Da malaminmu na ajin yamma ya ga wannan shafin, da ya ce in sake.

Asabar, bayan magariba

Na yi magana.

Ba zan rubuta duka ba. Na dai ce mata ita da uwarta sun mai da ni yaro. Na ce in akwai abin da likita ya faɗa game da yarinyar, ta faɗa mini yanzu, in san irin addu'ar da zan yi. Akwai kalma ɗaya da na ƙara. Ita ce ba zan rubuta ba.

Sai na ji kukan Auta. Sai uwar yara ta karɓe wayar ta ce, "Allah ya shirye ka, Malam," ta kashe.

Kukan ma sai na ɗauke shi shaida.

Lahadi, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ba a kira ba. Surukina ne ya zo da kansa. Yaron kirki, ya durƙusa ya gaishe ni kamar ba abin da ya faru, idonsa a ƙasa. Ya ce, "Baba, wallahi ba abin da muke ɓoye muku. Sai dai tun jiya nonon ya ja baya. Ta yi ta tatsa, bai rufe gindin kofi ba. Nas ta ce tashin hankali ne ke kawo haka."

Na ce, "To mutuniyar me za ta sha?"

Ya ce akwai ɗan wanda aka ajiye, zai kai gobe.

Ya ce Auta ba za ta iya kira ba tukuna. Za ta riƙa turo saƙon murya. Ya nuna mini inda ake dannawa.

Na raka shi bakin titi. Muryarsa ma ban yarda da ita ba, Allah ya yafe mini.

Litinin, bayan magariba

Mako ɗaya cif.

Saƙon ya shigo ina kaiwa saman bene. Na haddace shi: "Baba, ina wuni. Mutuniyarka ta sha, ta yi barci." Sai ta tsaya, ta ja numfashi. "An rage mata iskar da ake sa mata. Kada ka damu. Ka ci abinci."

Wurin da ta tsaya ɗin nan, kuka ta haɗiye. Na ji shi da kunnena. Na zauna a gindin tanki har ƙafata ta yi sanyi.

Talata, ƙarfe goma na safe

Yau sai na rubuta da tsawo, don ban san ko dariya zan yi ko kunya zan ji ba.

Na je shago da niyyar samun mai shaida. Mai walda ya ce ba zai saurari komai ba sai na ci abinci, wai fuskata kamar tsohon batir. Ya sa aka soya ƙwai uku, na cinye, na sha ruwa, muka zauna a benci. Sannan na danna.

"Baba, ina wuni. Mutuniyarka ta sha, ta yi barci."

Sai ta tsaya. Hamma ce. Hamma ta yi! Har ana jin ƙarshenta. A bayanta kuma ga muryar uwar yara tana cewa, "Ce masa ya ci abinci," shi ya sa da Auta ta zo faɗin haka akwai 'yar dariya a ciki.

Mai walda ya ce, "Wannan ce muryar da ta hana ka sukuni? Yarinya barci take ji, kai ka ce makoki."

Na ce ba wannan na ji jiya ba, wani ne. Ya karɓi wayar ya duba. Saƙo ɗaya ne tak a ciki.

Ina zaune sai wani tsohon abu ya faɗo mini. A shekarata ta biyu da fara koyon aiki, wata rana na makara, na zo a guje. Maigidana ya ce in saurari wani injin ban ruwa da aka kawo. Na manna sukundireba, na ji bugu, dum, dum, dum. Na ce boris ya tafi. Na wuni ina kwance inji, na tarar komai garau. Bai zage ni ba. Ya ce in zaga shagon a guje sau uku, sannan in ɗora sukundireban a jikin bango. Na ɗora. Dum, dum, dum. Ya ce, "To bangon ma ka kwance shi."

Tun daga ranar ban sake sauraron inji ina haki ba. Sai na zauna, numfashi ya daidaita, zuciyata ta yi shiru, sannan in sa kunne. Shekara talatin da takwas ina yi wa ƙarfe wannan adalci. 'Yar cikina ban yi mata ba.

Talata, bayan la'asar

Sai da na gwada, don ni ba na yarda da gyara sai na tayar da inji. Na zauna a ɗaki na saurara: hamma. Na haura matakala da sauri na saurara: wallahi kuka, ko da na san ba shi ba ne. Na zauna a gindin tanki na ƙirga ɗari biyu, na sake dannawa: hamma. Sau uku ina hawa ina sauka. Matar da ke haya a ƙasa ta leƙo ta ce, "Baba, wani abu ka manta a sama?" Na ce hankalina.

Daga nan na je wurin mai kemis. Ya ce ai ƙwayar takan sa zuciya gudu da rawar hannu, balle in an sha ta ba abinci, an bi ta da shayi mai kauri. Ya canza mini da na ruwa.

To ga lissafin: ƙwaya, yunwa, shayi, matakala ashirin da biyu. Duk na tattara na zuba a bakin Auta.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Na hau saman bene da kujera tun da wuri. Na ci shinkafa kafin in hau. Na zauna har iska ta busar mini da gumi, sannan na yi mata saƙo. Sau biyar ina gogewa. Na ƙarshen gajere ne: na ce laifina ne, na ce bugun da nake ji a ƙirjina yake, ba a muryarta ba, na ce ta yafe wa tsohonta.

Ba a jima ba ta kira.

Ta ce, "Baba, ni ma fa tsoro nake ji. Da ka yi mini tambayar nan da irin muryar nan, sai na ga kamar kai ka san wani abu da ni ban sani ba."

Na ce ban san komai ba, sai noti da boris.

Ta yi dariya. Ta ce ita ma ta lura, in ta daɗe a tsaye bayanta na ciwo, duk nas ɗin da ta yi mata magana sai ta ji kamar faɗa take yi mata. In ta samu ta kwanta ta tashi, sai ta ji su mutanen kirki.

Na tambayi nonon. Ta ce, "Baba!" Kunya wai. Uwar yara ta ɗaga murya daga nesa ta ce yana dawowa, in daina shiga abin da ba ruwana.

Juma'a, ƙarfe tara na safe

Rabin kofi! Noti biyar a aljihuna yanzu. Tari ya ragu.

Asabar, bayan magariba

Yau rana ce mai daɗi. Matar Mai walda ta aiko mini da shinkafa da kifi, na ci har na kwance maɓallin wando. A sama iska na kaɗawa. Auta ta kira, muryarta a kwance, a hankali, kamar ta mai jin daɗi. Na ba ta labarin yadda na yi ta hawa bene, na kwaikwayi matar ƙasa, na ce in mutuniyar ta fito zan koya mata riƙe sufana kafin cokali. Ta ce, "To, Baba." Na ce ta gaishe da kowa.

Alhamdu lillahi. Na iya saurare yanzu.

Lahadi, ƙarfe sha biyu na rana

Ban iya ba.

Uwar yara ta zo ɗaukar kaya. Ko zama ba ta yi ba. Ta ce tun jiya da azahar jikin mutuniyar ya yi zafi, an mai da mata iskar da aka rage, an ƙara wata roba a hannu. Ta ce Auta ta kira ne don ta gaya mini, ta tsaya a baranda tana riƙe da bango, ni kuma ina ta ba ta labarin bene.

Na ce, "Amma muryarta..."

Ta ce, "Muryarta me? Ranar da kake jin yunwa ka binne yarinya da ranta, ranar da ka ƙoshi ka ji kiɗa. Malam, 'yarka ba janareto ba ce. Tana da baki. Ka tambaye ta."

Ta ɗauki zannuwa biyu da filas. A bakin ƙofa ta juyo ta ce ashana tana cikin gwangwanin da ke bayan gishiri.

Litinin, bayan magariba

Na tambaya. Na ce, "Auta, ban ji komai ba, ba na kuma son in yi hasashe. Faɗa mini yadda take, sannan ki faɗa mini yadda kike." Ta faɗa. Ta daɗe tana faɗa. Ban katse ta ba.

Abin da likita ya ce yana nan a cikina. Ba sai takarda ta sani ba.

Talata, ƙarfe tara na safe

Ba canji.

Laraba, ƙarfe tara na safe

Ba canji. Ban buɗe shago ba. Na share ɗakin Auta na da, na wanke labule, na gyara tagar da ba ta rufuwa.

Laraba, bayan magariba

Ba canji. Auta ta ce mutuniyar ta riƙe mata yatsa.

Alhamis, ƙarfe takwas na safe

Zafin ya sauka! Na ce Auta ta maimaita. Ta maimaita. Na ce ta ba uwarta, ita ma ta faɗa. Na ce a ba surukina. Ya ce, "Baba, ko nas ɗin ma za a kira muku?" Ashe yaron ya iya tsiya.

Ƙirjina na ta bugawa, amma wannan karon na san nawa ne.

Litinin, ƙarfe tara na safe

An cire robar hannun. An rage iska. Mai walda ya ce in na ci gaba da kwashe masa noti, sai dai ya rufe shago.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

An cire iskar gaba ɗaya. Ta kama nono da bakinta. Ni kuma kwana shida ban yi tari ba. Na ƙirga.

Talata, bayan la'asar

Na gan ta.

Nas mai tabarau ce a ƙofa. Ta ce, "Yi tari mu ji." Na ce babu. Ta sa na wanke hannu har gwiwa sau biyu, ta duba ƙarƙashin farcena, ta ce baƙin nan fa? Na ce wannan ya girme ki, ba ya fita. Ta sa na sake wankewa duk da haka.

Ta zaunar da ni a kujera ta ce in buɗe maɓallan riga. Na dubi uwar yara, ta ce, "Buɗe mana, wa zai kalle ka?" Sai aka ɗauko mutuniyar aka kwantar mini a ƙirji, fata da fata, aka rufa mana zane. Wai ɗumin jiki magani ne gare su.

Ba ta da nauyi, sai ɗumi. Kanta bai cika tafin hannuna ba. Kunnenta a manne da ƙirjina.

Nas ta ce, "Baba, yi mata magana. A hankali, ta nan take jin ka."

Duk maganar da na tanada ta gudu. Na ce, "Sannu da zuwa. Ni ne kakanki. Kin ba mu wahala." Ta motsa baki, ta yi miƙa, ta koma barci.

Daga nan duk wanda ya yi magana a ɗakin sai in ji muryarsa da taushi, har nas ɗin, wadda ke yi wa wani faɗa kan takalmi. Na san ɗumin nan ne ke yi mini haka. Don haka da likita ya ce ranar Juma'a za a sallame su, sai na ce, "Likita, yanzu ko me ka faɗa daɗi zai yi mini. Faɗa wa uwar yara, ita ta gaya mini a waje." Ya yi dariya, ya faɗa mata. A waje ma Juma'ar ce.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Suna gida. Nan za su zauna har Auta ta yi ƙarfi.

Ɗazu ina riƙe da mutuniyar, sai ta buɗe baki. Abu kamar ɗan kyanwa, amma har matar ƙasa ta ji ta hauro da gudu. Uwar yara ta ce yunwa ce. Surukina ya ce zafi ne, a rage mata kaya. Matar ƙasa ta ce ciki ne. Auta ta juyo tana murmushi ta ce, "Baba, kai me ka ji?"

Na ce, "Ni yanzu na tashi daga kan kwano, waƙa nake ji. Ku buɗe ku duba."

Aka buɗe. Fitsari ne, har ya ratsa zane ya sauka a kan sabuwar rigata.